Tankaɗe Haske: Abin da Mai Sana'ar Hannu Zai Koya daga Tagogi da Ginin Majami'u

Wannan lacca ce da aka gabatar a Garwa ta ƙasar Kamaru gaban taron matasa masu koyon sana'o'in hannu da iyayen gidansu, aka ɗauki muryar, sannan aka mayar da ita rubutu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malam shugaban zama, iyayenmu magina da dukawa da maɗinka waɗanda suka rufe rumfunansu suka taho, 'yan'uwanmu Kirista da ke zaune tare da mu, da ku ƙannena da 'ya'yana masu koyon sana'a, ina yi muku barka da yamma, Allah kuma ya saka wa waɗanda suka haɗa wannan zama da alheri.

An nemi in yi magana a kan inda mai sana'ar ado yake samo sabon tunani idan hannunsa ya gaji da maimaita abin da ya saba. Na san amsar yawancinku tana cikin aljihu, domin a yau idan aka ba mai walda aikin ƙofa waya yake cirowa, ya nuna wa mai gida hotuna goma na ƙofofin Dubai ya ce ya zaɓa, haka mai ɗinkin hula yake yi, haka mai fentin gida. Ni ma ina duba waya, amma abin da take iya nuna wa mutum shi ne launi a daskare wuri guda, alhali babban abin da ke ƙawata ɗaki ko ya muzanta shi, wato haske, tafiya yake yi tun daga fitowar rana har faɗuwarta, kuma ba a koyon halinsa sai an shiga gini da ƙafa an zauna. Daga cikin gine-ginen garuruwanmu da aka fi zurfafa tunani a kan yadda haske zai shiga cikinsu akwai majami'u, waɗanda muke wucewa ta gabansu a kan babur kullum ba tare da mun ɗaga kai ba.

Bari in fara da ranar da idona ya buɗe. Ina yaro mai koyon fenti da rubutun allon shago, sai aka kira maigidana aikin shafe ƙofofi da bencina a wata ƙaramar majami'ar ƙauye a kan hanyar Gidar. Daga waje ginin ba wani abin a zo a gani ba ne: bangon bulo, rufin kwano, da tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin darbejiya ana bugawa a madadin ƙararrawa. Muka yi ta aiki tun hantsi ban lura da komai ba, sai bayan la'asar da rana ta karkata, na sunkuya zan tsoma buroshi a gwangwani, na ga hannuna ya zama kore har gwiwa. Na ɗauka fenti ne ya zubo mini, na shafa, na ji babu komai. Da na ɗago kai sai na ga an gina saman bangon yamma da bulo mai huji, kowane huji an toshe shi da guntun gilashi mai launi an kama da siminti, wasu ma gindin kwalba ne kawai, kore da ruwan ƙasa, sai 'yan shuɗɗa da jajaye nan da can. Daɓen duka ya cika da ɗigon launi kamar an baza tsakiya a kan tabarma. Na sa ido a kan wani ɗigo shuɗi da ke kusa da ƙafar benci, kafin in gama shafe katako biyu ya hau ƙafar, kafin mu wanke buroshi ya kai bangon gabas ya fara hawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ga na saki baki, sai ya ce, “Yaro, fentinmu inda muka ajiye shi nan yake kwana, wannan kuwa yawo yake yi, ka kalla da kyau.” Yau shekara fiye da talatin ke nan ina kallo.

Na san akwai abin da ke ran wasunku, wato ko ya dace Musulmi ya shiga majami'a. Fatawa hurumin malamai ce, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ya kuma sani cewa rabin abin da zan faɗa yau ana ganinsa daga bakin titi. Kallon da nake kira gare shi kallon mai sana'a ne, irin wanda kafinta yake yi wa kujerar da wani kafinta ya haɗa. Sai dai wurin ibadar mutane ne, don haka yana da ladabinsa. Ba a zuwa lokacin addu'a, ana neman izinin fada ko fasto ko mai gadi, namiji ya cire hula, kada a hau wajen bagadi, kada kuma a ɗauki hoto sai an yarda. Tun da hare-haren Boko Haram suka addabi yankin Arewa Mai Nisa, masu gadin majami'u da na masallatai suka daina sakin jiki da baƙuwar fuska mai ɗauke da jaka, kuma suna da gaskiya, saboda haka ku bar jaka a gida, ku riƙe littafin zane da fensir a hannu inda kowa zai gani.

Majami'un wannan yanki ba su tsufa ba. 'Yan mishan na ɗarikar Luta daga ƙasar Norwe sun zauna a Ngaundare a 1925, Katolika kuwa sai a 1946 ayarin limamansu na ƙungiyar Oblat ya iso ƙarƙashin Fada Yves Plumey, wanda daga baya ya zama bishop na farko na Garwa. Daga wannan aiki aka samu babbar majami'ar Santa Tereza ta nan Garwa, garin da Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarta a watan Agustan 1985, da babbar majami'ar Ngaundare, da sabuwar ta Marwa a unguwar Funange wadda aka buɗe a 2023. Ta Injamena an gama ta a 1965, yaƙin basasa ya ƙone ta a 1980, ba a kammala gyara ta aka sake buɗewa ba sai a 2023. Dalilin da ya sa na jero waɗannan shekaru shi ne ku gane cewa duka an yi su ne a zamanin siminti da rodi da kwano, kayan da kuke taɓawa kullum, kuma hannun birkiloli da leburorin yankin nan ne ya ɗora bulonsu. Duk dabarar da kuka gani a jikinsu dabara ce da za ku iya kwatantawa gobe da safe.

Yanzu mu zo kan gilashin kansa. Kuskuren farko da masu fenti irina suke yi shi ne zaton farin gilashi ne aka shafa wa launi, alhali a aikin asali launin yana cikin jikin gilashin tun daga tukunya. Gilashi yashi ne narkakke, amma yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai wuta ta kai wajen digiri 1,700, shi ya sa ake haɗa shi da abin da zai sassauta shi. Mutanen Masar da Rumawa kanwa suke sawa, 'yar'uwar wadda fatake ke kawo mana daga wajen Tafkin Chadi, masu gilashin Turai na tsakiyar zamani kuwa tokar itace suke sawa. Launi daga ƙarafa yake fitowa. Ɗan ƙanƙanin ƙarfen kobal yana rina tukunya guda ta zama shuɗi kamar an tsamo ta daga karofi, jan ƙarfe yana ba da kore ko ja gwargwadon yadda aka sarrafa iskar wutar, manganis yana ba da shunayya, baƙin ƙarfe kuma shi ne yake kawo kore-koren da kuke gani a gefen gilashin taga idan kun yanka shi. Jan da ake samu daga jan ƙarfe yana da ƙarfi ƙwarai, har idan gilashin ya yi kauri sai ya koma kamar baƙi, don haka aka gano dabarar shimfiɗa siririn ja a kan farin gilashi tun yana da zafi, kamar yadda ake yi wa riga shafi. Tun farkon ƙarni na 14 kuma aka gano cewa idan aka shafa haɗin azurfa a bayan gilashi aka gasa, wurin zai zama rawaya har cikin jikinsa.

Kada wani ya ce wannan sana'ar Turawa ce kaɗai. Masu haƙar tarihi sun gano cewa mutanen Ile-Ife suna yin gilashin kansu, har da shuɗi mai kobal, tun wajen ƙarni na 11, Masagan Bida a ƙasar Nufawa kuma har yau suna narka kwalabe su fitar da tsakiya da awarwaro waɗanda iyayenmu mata suka san su.

Yadda ake haɗa tagar shi ne inda nake so maɗinka su buɗe kunne, domin aikinku ne sak. Kafin allura ta taɓa babbar riga sai mai zayyana ya zana aska da tambari a kan ƙyallen, mai ɗinki ya bi sawunsa. Haka mai gilashi yake fara zana tagar a cikakken girmanta, a da a kan teburin katako da aka shafe da farar ƙasa, a yau a kan takarda mai kauri, ya nuna iyakar kowane guntu da launinsa. Daga nan a yanka gilashi guntu-guntu, a da da ƙarfe mai zafi, daga baya da lu'ulu'u ko 'yar ƙaramar taya irin wadda masu tagar alminiyam suke amfani da ita. Inda ake buƙatar ido ko ninkin tufa ko jijiyar ganye, sai a zana da baƙin haɗi na tsatsar ƙarfe da garin gilashi, a gasa a wuta mai zafin digiri 600 da ɗoriya har zanen ya kama jiki. Sannan a kawo darma da aka ja ta zama doguwar sanda mai kwarmi ta gefe biyu, kowane guntu ya shiga kwarminsa, a liƙe mahaɗa da narkakkiyar kuza da darma irin yadda mai gyaran rediyo yake yi, a cusa ƙullin mai da alli a tsakani don kada ruwa ya shiga, a ƙarshe a ɗaure tagar a jikin sandunan ƙarfe don kada iska ta lanƙwasa ta.

Wannan baƙin layi na darma shi ne babban darasin da na taho da shi. Aiki biyu yake yi lokaci guda, yana riƙe gilashin kuma shi ne zanen. Gwani ba ya ɓoye shi, sai dai ya bi da shi ta gefen fuska ko ta gefen ganye yadda abin da ya zama dole saboda ƙarfin tagar zai zama shi ne adonta. Bayan haka yana raba faɗa tsakanin launuka. Idan ja da kore suka haɗa kafaɗa babu komai a tsakaninsu, daga nesa ido yana cakuɗa su su zama ruwan ƙasa mai datti, amma da zarar baƙin layi ya ratsa, kowanne sai ya tsaya da ƙafarsa ya ƙara haske. Tsofaffin masu ɗinkin hula sun san haka tun ba su taɓa ganin taga ba, shi ya sa suke zagaye gida da baƙin zare kafin su cika shi, kuma na lura yara da yawa yanzu suna tsallake wannan saboda gaggawa, sai hular ta fito da launi bakwai amma daga taku goma ba a gane ko ɗaya. Mai walda ma ya duba, ƙarfen da yake lanƙwasawa a jikin taga don hana ɓarawo shi ne darmarsa, kuma inuwarsa tana zana daɓen ɗakin mai gida kowace safiya, ko ya yi niyya ko bai yi ba.

To, me ya sa ba mu ga manyan tagogi irin na Faransa a majami'unmu ba? Mutane sukan ce rashin kuɗi ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma babban dalilin yana sama da kanmu. Wannan salon gini ya fara ne a majami'ar San-Deni kusa da Faris, wadda aka buɗe sabon sashenta a 1144, inda magina suka haɗa baka mai tsini da haƙarƙarin rufi, daga baya kuma aka ƙara tokare na waje, har nauyin rufi ya bar bango ya sauka ta ginshiƙai, bango ya sami sarari ya zama gilashi. Majami'ar Shartar ta Faransa, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1194, tana da tagogi 176 masu faɗin murabba'in mita kusan 2,600, kuma darajarsu ta sa aka kwance su aka ɓoye a 1939 saboda yaƙi. Amma a Shartar, a tsakiyar sanyi, ko da tsakar rana ce rana ba ta hawa sama da digiri 18 daga ƙasa, wato inda tamu take da sassafe, kuma sau da yawa girgije ya rufe ta. Mutanen nan yunwar haske suke yi. Mu a Garwa ranar tsaka ba ta taɓa sauka ƙasa da digiri 57 ba duk shekara, a watannin Maris da Afrilu kuma zafi yana haura digiri 40. Wanda ya gina bangon gilashi a nan tanda ya gina, darmar ma tana saki da zafi tagar ta yi ciki, ga ƙurar hunturu da za ta dushe ta.

Saboda haka aikin maginin ƙasarmu tankaɗe haske ne, kamar yadda mace take tankaɗe gari, a bar laushin ya wuce a tsare tsakin. Ku shiga majami'un da aka gina da hankali ku ga yadda aka yi. Rufi yana da tsayi don zafi ya hau sama, bakin rufin ya zarce bango ya yi masa inuwa, tagogi ƙanana ne kuma suna can sama, bulo mai huji ya maye gurbin gilashi a wurare da yawa don iska ta ratsa, launi kuma an ajiye shi inda rana ke shiga a kwance, wato gabas da yamma, tun da bangon kudu da na arewa a wajenmu ba sa samun rana kai tsaye sosai. Kaurin bango ma yana aiki, domin huji mai zurfi yana tsare rana idan tana sama, ya bar ta ta shigo idan ta sauko ta yi sanyi. Akwai kuma wata dabara da aka fito da ita a Faransa a shekarun 1930, ta fasa gilashi mai kaurin santimita 2 zuwa 3 da guduma a dasa shi cikin siminti a maimakon darma. Gwanin wannan dabara Henri Guérin shi ne ya yi babbar tagar majami'ar Mvolye a Yawunde. A ganina ita ce ta fi dacewa da mu, domin siminti ba ya tsoron rana, birkila ya san shi, kuma maginin ƙauyen nan da ya dasa gindin kwalba a bulo ita ya yi da abin da Allah ya hore masa. Na ga hotunan babbar majami'ar Yamusukuro ta Kwaddebuwa, wadda aka buɗe a 1990 da gilashi fiye da murabba'in mita 7,000 da aka yi a Faransa, aiki ne mai ban mamaki, amma yaron da ke koyon sana'a a unguwar Yalwa zai fi ƙaruwa da bangon kwalaben nan.

Ni kaina sai da na sha wuya kafin wannan ya zauna mini. Wani ɗan kasuwa ya ba ni aikin tagar launi a falonsa, na yi masa babba guda a bangon yamma, na sayi farin gilashi da wani fenti da mai shago ya tabbatar mini ba ya kwailewa. Ranar da na gama kowa ya yaba. Bazara ɗaya ta wuce, jan ya koɗe, koren ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, falon kuma ba ya zaunuwa daga azahar zuwa magariba saboda zafi. Na ji kunyar mutumin nan ƙwarai, na kwance aikin da kuɗina, na toshe wurin, na bar ƙananan huji goma sha biyu a sama ƙarƙashin inuwar rufi, na dasa musu gilashi mai launi na gaske. Har yau suna nan, kuma jikokinsa a ƙarƙashinsu suke wasa da yamma.

Magina kuma, ga naku. Ku dubi wannan sarƙa da na riƙe da hannu biyu, ku ga yadda cikinta ya sauka. Idan aka juya wannan lanƙwasa ta kalli sama, ita ce bakan da ya fi kowane iya ɗaukar nauyin kansa, domin nauyin yana bin jikinsa har ƙasa ba tare da ya nemi ɓallewa gefe ba. Mutanen Musgum na bakin kogin Logon, wajen Pus da Maga, sun gina ɗakunansu na laka da ake kira tolek a kan siffa irin wannan, ba azara ba katako, wasu har tsayin mita 9, bango mai kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa sama, da tudun ado a jiki waɗanda su ne matakalar magini kuma su ne hanyar ruwan sama, da huji guda a ƙoli wanda hayaƙi ke fita haske ke shiga. Duk lokacin da na tsaya gaban dogon bakan babbar majami'ar Injamena, tolek yake faɗo mini a rai. Mu ma muna da namu, wato bakan gizo da ake ɗaurawa da azara a lulluɓe da ƙasa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai shi matuƙa a Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Tambayar da maginin Zariya da na Pus da na Faransa suka yi wa kansu ɗaya ce, yadda za a rufe fili mai faɗi a kan taron jama'a ba tare da ginshiƙai sun cika shi ba. Idan kun shiga majami'a ku ɗaga kai ku bi nauyin rufin da ido, daga ƙoli zuwa inda ya taka ƙasa, za ku ga ko maginin ya amsa tambayar ko kuwa ya rufe ta da silin.

Wanda ba ya son zana mai rai, hanya a buɗe take. A Alƙahira da San'a ta Yaman akwai tagogin da ake kira ƙamariyya, inda ake sassaƙa farin allin gini a huda shi da siffar taurari da furanni, a liƙa gilashi mai launi a baya, har ma a karkatar da hujin ƙasa don wanda ke zaune a daɓe ya sami hasken a idonsa. Masallacin Nasirul Mulk na Shiraz a Iran ya yi suna a duniya saboda launin da ke zuba a kan darduma da safe. Dagi da aska da tambarin da ke kan rigunanmu da bangayen zaurukanmu duka layuka ne masu rufe gida-gida, wato a shirye suke su zama taga, kuma ina mamakin yadda har yanzu ban ga an yi tagar dagi da gilashi a garin nan ba. Wannan tunani na ɗauko ado daga gida shi ne aikin da Fada Engelbert Mveng, malamin tarihi kuma mai zane ɗan ƙasar nan wanda aka kashe a 1995, ya yi rayuwarsa a kai. Shi ya tsara babban adon da ke bayan bagadin babbar majami'ar Yawunde, ya ɗauko siffofi daga sassaƙa da saƙar mutanen Afirka, ya taƙaita launukansa, ja na rai, baƙi na wahala, fari na mutuwa. Ko ba ka bi ma'anarsa ba, ka koyi cewa launi uku da aka san dalilinsu sun fi goma da aka zuba don suna cikin shago.

Saura yadda ake kallo. Gini guda za ku zaɓa ku je masa sau uku, da hantsi, da tsakar rana, da bayan la'asar, domin ɗaki uku za ku tarar. Idan kun shiga ku zauna a baya kamar minti goma sha biyar kada ku zana komai, sai idon da ya fito daga rana ya saba da duhu, a lokacin ne launukan da ba ku gani da farko ba za su fara fitowa. Ku ɗan runtse ido ku auna duhu nawa ne haske nawa ne, za ku tarar a ginin da ya yi kyau duhu ya ninka haske sau da yawa, kuma shi ne yake ba launin ƙarfi. Ku zana baƙaƙen layuka tukuna, ku rubuta sunan launi a cikin kowane gida, ku sa alamar inda ɗigon haske ya faɗi a daɓe tare da ƙarfe nawa ne. Wanda ya iya jira har gab da magariba zai ga ja ne yake fara mutuwa ya koma baƙi, shuɗi kuwa yana nan yana ja da duhu har ƙarshe, saboda haka idon ɗan Adam yake idan haske ya ragu, kuma mai fentin allon shago da ake so a karanta da yamma yana buƙatar sanin wannan. Daga nan ku fita waje ku dubi tagar nan ta baya, za ku same ta a dushe, sai ragar darma ko siminti kawai, a nan ne za ku ga ƙashin aikin da yadda aka kama shi da bango.

Wanda zai gwada aikin darma ya sani guba ce, ba a cin abinci da hannun da ya taɓa ta sai an wanke da sabulu, ba a narka ta a ɗaki rufe, ba a kuma bari yara ƙanana su zauna kusa. Shi ya sa gwajinmu na farko da siminti za mu yi shi. Shugaban zama ya shaida mini an nemo mana izini a wata majami'a ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma, za mu shiga mutum goma-goma, Lahadi da yamma kuma mu haɗu a nan mu zuba bulo a akwatin katako mu dasa gilashi. Kowa ya zo da littafin zanensa, masu tagar alminiyam su tara mana ɓaraguzan gilashin da suke zubarwa, wanda kuma yake da kwalabe shuɗɗa a gida ya taho da su, domin kore da ruwan ƙasa muna da su da yawa, shuɗi ne yake wuyar samu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.